Saje da Littafin Bashi: Yadda Kantin Wani Tsohon Sojan Burma Ya Karye Sau Biyu Kafin Ya Tsaya

Mutumin da matsalarsa

Wannan nazari ya bi rayuwar wani mutum da ya yi yaƙin Burma, ya dawo ya sari daji ya kafa ƙauye a kudancin ƙasar Katsina, cikin yankin auduga da ke kewaye da Funtuwa, sannan ya buɗe kanti na farko a wurin. An sakaya sunansa da na garin. Mutanensa Saje suke ce masa saboda igiya ukun da ya sauka da ita, haka za a kira shi a nan. Matsalar da za a bi guda ɗaya ce, wato bashi. Sau biyu jarinsa yana narkewa a hannun mutanen da shi da kansa ya gayyato su zauna, kuma ya kusa shekara ashirin yana neman yadda zai ci gaba da zama uban gari ba tare da ya rufe kanti ba. An jera shekarun bisa manyan abubuwan da suka faru a ƙasa, domin da su dattawan wurin suke ƙirga lokaci.

Kafin 1946: daga gandu zuwa Burma

Saje ɗan arewacin Katsina ne, inda ƙasa ta gaji, mutane suka yi wa gona yawa. A gandun mahaifinsa ya tashi, ƙarami a cikin maza da yawa, wanda ko an raba gado ba zai sami abin riƙe gida ba. Da yaƙin Hitila ya yi zafi, Turawa suka matsa wa sarakuna su kawo samari, hakimai suka matsa wa dagatai, sunansa ya shiga takarda.

A 1943 aka haɗa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can zuwa Burma don yaƙar Japan. Runduna ta 81 ta yi fama a kwarin kogin Kaladan a 1944, kuma a watan Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu aka karɓe garin Myohaung. Sunayen barikokin Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Chindit a Zariya, duk daga wannan yaƙin suka samo asali. Dajin Burma ba ya biyuwa da mota, don haka da ka ake ɗaukar kaya, abinci kuma jirgin sama ke jefowa da laima. Saje yana cikin rukunin masu ɗaukar kaya, aikinsa ya tattara abin da aka jefo, ya ƙirga, ya raba wa mutanensa, ya ba da lissafi. A nan ya koyi karatun boko da rubuta lamba, a nan kuma ya saba da cewa duk abin da ya fita daga sito sai an rubuta shi.

A 1946 aka sallame su. Ya dawo da abin da ya tara na albashi da kuɗin sallama. Takardun gwamnatin Ingila da aka bankaɗo a 2019 sun nuna cewa kuɗin sallamar sojan Bature ya kusa ninka na baƙar fata sau uku, ko da muƙaminsu ɗaya. Duk da haka, a ƙauyen wancan zamani kuɗin Saje kuɗi ne masu kauri. Abokan tafiyarsa da dama sun sayi keke da riguna, sun yi aure, kafin damina biyu aljihu ya bushe. Waɗansu sun sami masinja ko ɗan doka a En'e, wato hukumar mulkin gargajiya ta sarki, waɗansu gadi a kamfani. Shi gona yake so, a garinsu kuwa babu.

1947 zuwa 1950: saran daji

A lokacin mutanen arewa suna gangarowa kudancin Katsina da arewacin Zazzau, inda ruwa ya fi yawa, daji yake a buɗe, ga layin dogo da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya isa Kauran Namoda a 1929, ga injin gurzar auduga a Funtuwa. Gwamnati ma ta buɗe wani shirin tsugunar da tsofaffin sojoji a ƙasar Shendam a 1948, amma Saje bai nufi can ba. Ya bi hanyar da aka saba: ya kai gaisuwa wurin dagaci, dagaci ya kai shi gaban hakimi, aka nuna masa daji kusa da wata fadama aka ce ya sara.

Da shi da uwargidansa da ƙannensa biyu suka fara. Suka yi sassabe da rani, suka kafa bukkoki, suka haƙa rijiya. Maƙwabtansu na kusa wasu gidajen Maguzawa ne masu manyan gandaye da rumbuna cike da dawa, sai Fulani da ke sauka da shanu bayan kaka. Daga Maguzawan ya sayi hatsin da suka ci a shekarar farko.

Gida ɗaya ba ya zama gari. Ana bukatar hannuwa don gayya, don korar birai da gyado daga gona, don a cika sahu a masallaci. Saboda haka Saje ya riƙa aika saƙo gida cewa akwai ƙasa, duk mai so ya zo. Wanda ya zo kuwa ba ya zuwa da komai sai fartanya da iyali. Sai a sauke shi, a nuna masa inda zai sara, a ciyar da shi har gero ya nuna. Da gidaje suka ƙaru, dagaci ya naɗa Saje mai unguwa, aka ɗora masa tara haraji. Wannan naɗi yana da muhimmanci ga duk abin da ya biyo baya, domin harajin kai ake biya, kuma in wani ya kasa, mai unguwa ake tambaya.

1950 zuwa 1954: kanti na farko

Da ragowar kuɗin soja ya gina ɗaki ɗaya na ƙasa a ƙofar gidansa ya zuba kaya: gishiri, kananzir, sabulu, ashana, sukari, allura da zare, akoko da alawayyo, da 'yan turamen atamfa in salla ta ƙarato. Daga kantunan manyan kamfanoni irin su UAC da John Holt na garuruwan bakin layin dogo ake saro irin waɗannan kaya, a ɗoro wa jakai. Kasuwa mafi kusa tafiyar rabin yini ce, don haka ba shi da abokin gasa. Ga duk mai kallo daga waje, wannan kanti ba shi da dalilin faɗuwa.

Abin da ya karya shi yana cikin tsarin shekarar manomi. Kuɗi sau ɗaya suke shigowa ƙauyen, lokacin da aka buɗe kasuwar auduga bayan kaka, daga wajen Disamba zuwa Fabrairu. Buƙata kuwa ba ta san wata ba. Haraji yana zuwa wajen kaka, sau da yawa kafin a sayar da auduga. Tsakiyar damina, Yuli da Agusta, rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai iso ba, aikin gona ya fi kowane lokaci nauyi. Suna da biki da rashin lafiya da likkafani kowanne da ranarsa. Duk wanda abin ya taso masa, ƙofar Saje yake nufa, don shi ya kira shi garin, shi ne mai unguwa, shi kaɗai ne kuma mai kaya a ajiye. Ba a cewa a ba ni bashi kai tsaye. Za a zo da sassafe a gaisa, a tambayi iyali, a ce Baba Saje, yaran nan tun jiya ba a ɗora tukunya ba. Mutumin da ka sa ya baro garinsu ba ka iya ce masa babu alhali yana ganin buhun gishiri a bayanka.

Saje yana bayarwa yana rubutawa. Littafin yana nan a hannun iyalinsa, da suna da kaya da kuɗi a fam da sule da kwabo, layi bayan layi kamar lissafin sito. Wanda ya duba shi zai ga abu uku a cakuɗe: kayan kanti da aka ɗauka, tsabar kuɗi da ya cika wa mutane haraji da su, da damman dawa da suka fita daga rumbunsa na gida. Da kasuwar auduga ta buɗe wasu suna biya, amma manomi da ya karɓi kuɗinsa yana da layin masu jira: sauran haraji, tufafin iyali, auren ɗa, ramuwar biki. Saje ne na ƙarshe a layin, domin shi na gida ne, ba zai kai kowa ƙara ba. Kowace shekara abin da ke komawa Funtuwa sari yana raguwa. A wata damina da ruwa ya yi gardama a farkon shekarun 1950, ragowar jarin ya tafi wajen sayen hatsi. Ɗakin ya koma ma'ajiyar buhunan wofi.

1955 zuwa 1959: gwajin dokar bariki

Gonarsa ce ta tashe shi. Ya sayi bijimai biyu da garma, irin noman da ma'aikatar gona take yaɗawa a yankin tun kafin yaƙi, ya faɗaɗa auduga, ya tara abin da ya sake buɗe kantin da shi. Wannan karon ya ce da doka za a yi. Ya yanka iyakar abin da gida ɗaya zai iya ɗauka. Ya sa wa'adi: duk bashi a biya shi kafin a rufe kasuwar auduga. Wanda bai biya na bara ba, ba shi ba na bana. Ya sa a riƙa dangwala yatsa a gaban suna.

Shekara ɗaya dokar ta yi tana aiki. Abin da ya karya ta shi ne, mai kafa dokar shi ne mai yafe ta. Mutum ya zo an hana shi a kanti da rana, da dare sai ya shigo ta zaure tare da dattijo, ko ya turo matarsa wajen uwargida. A bariki mai ba da oda ba surukin wanda ake ba odar ba ne. A nan kuwa aure ya riga ya sarƙe gidajen, wanda ke cikin littafi ko dai ƙanin mata ne, ko uban mijin 'ya, ko wanda ya riƙe masa igiya ranar haƙa rijiya.

Wani ɗan kasuwa daga garin dagaci ya ba shi shawara ya yi yadda masu hatsi suke yi: dami ɗaya da damina, dami biyu da kaka, ribar waɗanda suka biya ta rufe asarar waɗanda suka ƙi. Saje ya kai maganar wajen liman. Liman ya ce rancen da ya jawo ƙari riba ce, ba ta halatta. Ya bar ta.

Daga nan ya gwada abin da bai taɓa yi ba. Ya zaɓi mutum ɗaya da kowa ya san yana da hali, ga awaki ga rumbu, amma shekara uku yana wasa da biya, ya kai shi gaban alƙali. Shari'a ba ta yi tsawo ba, ga littafi ga shaidu, aka yanke ya biya, ya kuma biya. Kafin damina ta gaba mutumin ya kwashe iyalinsa ya koma wata sabuwar tunga, 'yan'uwansa biyu suka bi shi da nasu gidajen. Daji yana da yawa a lokacin, tashi ba wuya. Saje ya sami kuɗin mutum ɗaya, ya rasa gidaje uku daga gayya da takardar haraji, tare da bashin da ke kan sauran biyun. Dagaci ya kira shi ya nuna masa cewa mai unguwar da mutane ke gudu ba ya daɗewa da rawani. Bai sake zuwa kotu ba.

1960 zuwa 1965: kuɗin wani, da mota

Tun 1949 hukumar gwamnati ke yanka farashin auduga da na gyaɗa, daga 1954 kuma aikin ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Masu lasisi ne kaɗai ke saye a madadinta, su kuma suna da yaransu a ƙauyuka. Buɗe masaƙar Kaduna a 1957 ya ƙara wa auduga daraja. Wani mai lasisi ya ɗauki Saje wakili, yana ba shi kuɗi tun kafin kaka ya raba wa manoma, da sharaɗin in an kai auduga kasuwa a sikelinsa za a auna.

A takarda wannan ya yi kama da mafita, tunda bashin zai fita ne daga kuɗin wani, kuma a bakin sikeli za a cire. A aikace, manomin da ya san za a cire masa sai ya ba ɗan'uwansa audugar ya kai wani sikelin, ko ya raba ta biyu. Wani kuma tsakani da Allah tsutsa ta cinye masa gona, ko malamin auduga ya sauke masa daraja zuwa lamba biyu. Mai lasisi bai san sunan kowa ba, Saje ya sani. Bashin da a da jarinsa kawai yake ci, yanzu ya zama bashi a wuyansa.

Don ya rufe giɓin ya haɗa kuɗi da wani suka sayi tsohuwar babbar mota. Wannan bai daɗe ba. Hanyar garin ba ta biyuwa da damina, da rani kuma motar ta fi kwana a gareji. Ya sayar da rabonsa da hasara, ya sayar da bijimai ya sallami mai lasisi, kanti ya sake rufewa. Karyewa ta biyu ke nan, kuma ta fi ta farko ciwo, don ta taɓa gona.

1966 zuwa 1970: an raba littafi gida uku

Duk tsawon shekarun nan akwai wata sana'a a cikin gidan da ba ta taɓa karyewa ba. Uwargida tana matsar man gyaɗa tana tuyar ƙuli-ƙuli, yara na kai talla. Ita ma tana ba da bashi, amma na kwabo da taro, na kwana ɗaya ko biyu, kuma yarinyar talla ce ke hanawa, da amsa ɗaya tak: kayan ba nata ba ne, Inna za ta yi faɗa. Iyalin sun ce ita ce ta fara nuna wa Saje cewa muddin shi ne a bakin kanti ba za a daina ɗauka ba, kuma ba zai daina bayarwa ba.

Ya zauna da liman da dattawa biyu daga cikin waɗanda aka sari dajin tare, ya buɗe musu littafin, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Suka bi shi suna bayan suna. Sai ga mutanen ciki sun kasu uku. Akwai masu hali da suke ɗauka don sauƙi kawai. Akwai manoma na ƙwarai da abincinsu ke yankewa wata ɗaya ko biyu a tsakiyar damina, waɗanda da kaka za su iya mayarwa. Akwai kuma zawarawa masu marayu, tsofaffi, da marasa lafiya, waɗanda ba za su taɓa iya biya ba, sunansu a littafi ba ya ƙara komai sai nauyi a zuciyarsu. Shekara goma sha biyar Saje yana yi wa ukun magani ɗaya.

Aka tsara wa kowane rukuni nasa. Na uku aka goge sunayensu gaba ɗaya, aka mayar da su kan zakka. Zakkar noman damina dami ɗaya ne cikin goma ga wanda ya kai nisabi, amma a da kowa yana fitarwa yadda ya ga dama, mafi yawa ga malamai da baƙi masu yawon kaka. Liman ya riƙa tunatar da mutane masu haƙƙi na cikin gari, gida gida. Ya kuma tsaya a kan cewa zakka mallakar talaka ce, ba za a zuba ta a rumbu a riƙa rantawa ba.

Don rukuni na biyu aka gina rumbun tsimi na gari a gefen masallaci. Kowane magidanci ya kawo dami ɗaya da kaka, Saje ya zuba kaso mafi girma don a fara, aka kuma ware gona guda da ake nomawa da gayya, amfaninta ya rufe abin da ƙwari da ɓera suka ci da wanda aka kasa mayarwa. Dawa a zangarniyarta ake ajiyewa, ba a sussuke ba, don ta fi jure ajiya. Ba a buɗe rumbun sai tsakiyar damina, bayan sallar la'asar, a gaban jama'a. Dami ɗaya aka ɗauka, dami ɗaya za a mayar. Liman da dattawan biyu ne ke da iko da shi. Saje ya cire kansa, kuma ya faɗa a bainar jama'a cewa ko ɗansa ne sai ya bi ta hannunsu.

Rukuni na farko kuwa aka bar su da kanti, kanti kuma ya daina bashi. Da ya sake buɗe shi da kuɗin audugar kaka biyu, bai zauna ciki ba. Ya ɗauko ƙanin uwargida daga wani gari, saurayin da bai ci gayyar kowa ba, bai auri 'yar kowa ba tukuna, ya damƙa masa, ana lissafi duk ranar kasuwa, yana da kasonsa a riba. Wanda ya nemi bashi sai ya ji cewa kayan ba nasa ba ne. Wanda ya wuce wajen Saje sai ya ji cewa kantin yana hannun yaro, in abinci ne ga rumbu, in kuma abin ya fi haka, ya ɗauki abin da ya sawwaƙa daga aljihunsa ya bayar kyauta, ba rubutu.

Ba a karɓi tsarin da tafi ba. An yi gunaguni cewa Saje ya canza, kuɗi sun shiga idonsa. Wasu masu manyan gonaki sun ƙi kawo daminsu a shekarar farko don sun san ba za su ranta ba. A daidai lokacin ne aka fara yaƙin basasa a 1967, aka nemi tsofaffin sojoji su koma. Shekaru sun ja masa, bai tafi ba, amma samarin garin da dama sun shiga, kuɗin da suke aikowa gida ya ƙara tsabar kuɗi a hannun mutane, wannan ma ya taimaki kantin da ba ya bashi.

1972 zuwa 1974: fari

Ruwa ya ɗauke a arewa shekara biyu a jere, 1972 da 1973. Kudancin Katsina bai ƙone kamar ƙasar Daura da iyakar Nijar ba, amma amfanin gona ya ragu, hatsi ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, mutane suka yi ta gangarowa daga arewa da ƙasar Maraɗi, cikinsu har da dangin Saje na jini. A watan Janairun 1973 kuma aka sauya kuɗi, fam ɗaya ya koma naira biyu, sule ya koma kwabo goma, tsofaffi suna ta ruɗewa a lissafi.

Rumbun tsimi ya ƙare ƙarƙaf tun kafin gero ya nuna. An yi jayayya mai zafi a kan baƙi, tunda ba su zuba ba kuma ba su da gonar da za su mayar daga ita. Aka tsaya a kan su yi aiki a gonar gari da yasar rijiya, a biya su da mudu. Rumbun gidan Saje ma ya ƙare, ya sake sayar da bijimai ya ciyar da danginsa. Mayarwar da aka yi da kakar 1974 ba ta cika ba, sai da aka ɗauki shekaru kafin rumbun ya koma yadda yake. Kanti ya yi ƙasa, ciniki ya ja baya, amma bai rufe ba. Babu gidan da ya tashi daga garin, wasu daga cikin baƙin ma sun nemi daji sun zauna.

1975 zuwa 1987: injin niƙa

A 1975 aka fara aikin raya noma na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. Aka yi hanyoyin karkara, aka buɗe cibiyoyin sayar da takin zamani da rangwame, aka kawo irin masara mai yawan yabanya. Cikin 'yan shekaru masara ta zama amfanin sayarwa a yankin, ta kuma shiga tukunya. A shekarar ce cuta ta lalata gyaɗar arewa, sana'ar uwargida ta ja baya sosai.

Masara ta fi dawa wuyar daka. Saje ya sa ribar kanti da ta gona ya sayi injin niƙa mai amfani da gas, na farko a garin. Sana'a ce da bashi ba ya samun ƙofar shiga: yara ke kawo kwano da kuɗin niƙa a ƙulle a bakin zane, kuɗin ƙanana ne, daga sana'ar mata suke fitowa, kuma kullum ne, rani da damina. A 1979 gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji a Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta a lokacin, wani tsohon dalilin cin bashi ya kau. Canjin kuɗin watan Afrilun 1984, mai wa'adin da bai kai mako biyu ba, ya cuci mutanen karkara da yawa masu ajiya a tukunya, shi kuwa dukiyarsa tana cikin inji da hatsi da shanu. Rushe hukumar auduga a 1986 bai taɓa shi ba, don ya daɗe da barin wakilci. Ya ga ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, ya rasu bayan 'yan shekaru. Ya bar gona, kanti, inji, ba wanda ke binsa ko sisi.

Me ya ƙi, me ya yi, kuma don me

A ganina Saje bai taɓa rasa iya lissafi ba, littafinsa ya fi na 'yan kasuwar birni da yawa tsabta. Ba kuma za a ce mutanen garin macuta ne ba, mafi yawansu sun mayar da damin rumbu ko bayan fari. Matsalar ita ce mutum ɗaya ya riƙe kujera biyu da ba sa zama wuri ɗaya. Uban gari darajarsa tana cikin bayarwa, in ya hana mutane su watse. Mai kanti rayuwarsa tana cikin juyawar jari, in ya bayar kaya su ƙare. Iyaka da wa'adi da dangwale sun faɗi don duk sun bar hanawa a bakin wanda ba zai iya hanawa ba. Kotu ta faɗi don a ƙasar da daji ke buɗe mutum ya fi gona tsada. Kuɗin mai lasisi sun faɗi don sun ƙara girman abin da ake bayarwa ba su canza mai bayarwa ba.

Abin da ya yi aiki bai rage taimako ba, na yi imani ma ya ƙara shi. Ya sa kowace buƙata ta sami ƙofarta. Rancen hatsi ya koma hatsi, ana mayar da shi lokacin da manomi ke da shi a hannu, ba lokacin da yake rabon kuɗin auduga ba. Idon jama'a ya yi aikin da alƙali ya kasa, domin wanda ya ƙi mayarwa ba Saje ya cuta ba, maƙwabcinsa ya cuta. Wanda ba zai iya biya ba an daina kiransa mai bashi. Dole kuma a faɗa cewa sa'a ta taimaka: ba don hanya da masara da soke haraji ba, da nasarar ba ta kai haka ba. Hakanan tsarin ya dogara da ƙaramin gari inda kowa ya san rumbun kowa, da liman da ake jin maganarsa.

Akwai waɗanda tsarin bai kai gare su ba, kuma wannan yana damuna fiye da sauran. Buɗe rumbu a gaban jama'a shi ya sa ake mayarwa, shi ne kuma ya sa wasu magidanta masu jin nauyi ba su taɓa zuwa ba. A da cikin dare suke samun Saje, asirinsu a rufe. Da aka rufe wannan ƙofar sai suka riƙa sulalewa garin dagaci wajen masu dami ɗaya a biya biyu. Bayan dajin ya ƙare, gona ta fara tsada, bashin nan ya koma jinginar gona, kuma akwai gidaje daga cikin waɗanda aka sari dajin da su da jikokinsu yanzu ƙwadago suke yi a filin da kakanninsu suka share.